Kwat Uku a Jikina a Bodar Jibiya

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a layin asibiti, har a waya, kowa sai ya rage murya ya ce, "Hajiya Asabe, wai da gaske ne an tuɓe ki a boda?" To, ba wanda ya tuɓe ni, ni na tuɓe da hannuna. Amma na gaji da maimaitawa, shi ya sa zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Ni sakatariya ce. Shekara talatin da biyu na yi ina buga takardu a wata ma'aikata a Katsina kafin in yi ritaya, kuma duk tsawon shekarun nan kaya iri ɗaya na sani: kwat mai sauka har ta rufe ƙugu, da siket har idon sawu, babu tsaga, babu ƙyalli. Gwaji uku nake yi wa kowane kaya kafin in saya. In zauna a kujera, in ɗaga hannu sama kamar zan ɗauko fayil, in sunkuya kamar biro ya faɗi. In babu abin da ya fito, babu inda ya kama ni, kaya sun ci jarrabawa. A shagon wani dattijo, Alhaji Mamman, nake samunsu a cikin kasuwa, ban taɓa tambayarsa daga ina yake kawowa ba.

Autata Nafisa shekara huɗu ta yi a gida bayan bautar ƙasa, tana aika takardu ana yi mata shiru. Sai ga shi wani banki ya ɗauke ta. A takardar da suka ba ta an rubuta ranar Litinin ɗin da za ta fara, an kuma rubuta shigar da ake so: kwat da siket masu duhun launi daga Litinin zuwa Alhamis, da ƙaramin hijabi in tana so, atamfa sai Juma'a. Na ce wannan ai gidana aka zo. Na ja ta muka tafi shagon Alhaji Mamman.

Alhaji Mamman ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa sun sa gilashi da fitilu, sun cika shago da abaya mai duwatsu da dogayen riguna na roba. Da na kwatanta abin da nake so, babban ɗan ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi.

"Hajiya, wannan ai tsohon yayi ne. Ko mun kawo ba mai saye. Ga dai na 'yan banki can."

Nafisa ta shiga bayan labule ta gwada. Ita doguwa ce, ta ɗauko girman babanta. Da ta fito, kwat ta tsaya mata a cibiya, siket kuma ko zama ba ta iya yi da shi ba. Shago bakwai muka shiga ranar, duk labarin ɗaya ne. Muka koma wajen teloli, biyu daga cikinsu. Na farko ya ce bai iya kafaɗar kwat ba, na ji daɗin gaskiyarsa. Na biyu ya riƙe mu kwana shida, ya kawo abin da ya matse ta, da na yi magana ya ce wai ya ɗan kama mata jiki ne don kada ta zama kamar buhu.

A cikin adaidaita muna komawa gida Nafisa ta ce, "Mama, in waɗannan ne kayan, na haƙura da aikin. Ba zan iya wuni cikin maza a haka ba." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da hankalina bai tashi ba, don na san ɗiyata, in ta faɗi magana ido a bushe to ta gama yanke shawara. Ranar Laraba ce, saura kwana biyar.

Na koma shagon ni kaɗai, na tsare ɗan Alhaji Mamman sai da ya tuna. Ya ce babansu daga Maraɗi yake karɓowa, wajen wani tela da ake ce wa Isuhu Mai Kwat, a bayan babbar kasuwa. Ko yana raye, wannan kuma bai sani ba.

Kwat ɗaya ta rage mini, sauran duk na rabar da na yi ritaya. Ita ce ta farko, ruwan toka, mai maɓallan ƙaho guda biyar, wadda na sa ranar da na fara aiki. Da ita na ɗauki hoton da ke rataye a falona. Na naɗe ta da siket ɗinta na sa a jaka don in nuna samfuri, na auna Nafisa da kaina na rubuta a takarda, na ɗauki hoton takardar ɗaukarta aiki. Ban tafi da ita ba. Tana da gwajin asibiti ranar Alhamis, kuma ko babu shi ba zan ɗora ta a kan hanyar Jibiya ba.

Wanda bai bi hanyar nan ba a 'yan shekarun nan ba zai gane ba. Tafiyar ba ta da nisa, amma ba a yin ta sai rana ta ɗaga, ba a kuma yarda yamma ta riske mutum a kanta, saboda 'yan bindiga. A mota na zauna kusa da wata mata gajera mai fara'a, Tasalla, 'yar Magama, mai sayo turare da kayan ƙamshi daga Maraɗi. Tun kafin mu bar gari ta san sunana da sunan ɗiyata da abin da ya fito da ni. Ni da ba na son a shiga harkata, ban san yadda aka yi na zazzage mata komai ba.

Mun wuce Daddara kaɗan sai direba ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Na buɗe baki zan tambaya, Tasalla ta danne mini gwiwa.

"Yi shiru, Hajiya. Ba ki ga an daɗe ba mota ta taho daga gaba ba? In ba a ga mai tahowa ba, ba a tahiya."

Ashe haka direbobin hanyar suke yi. Ba agogo suke dubawa ba, motocin da ke tahowa suke lura da su. Muka zauna, zufa na bin bayana, wani dattijo a gaba yana jan carbi har ina jin ƙarar 'ya'yan. Tsoro na ji, tsoro na gaske, har na fara tunanin wa zai gaya wa Nafisa. Can sai ga wata motar itace ta taho a hankali, direbanta ya ɗaga mana hannu ya kunna fitila sau biyu. Namu ya ce "Alhamdu lillahi," ya tayar da mota. Har yau ban san abin da ya tsayar da hanya ba, ban kuma tambaya ba.

A Magama muka sauka muka canza mota. Shiga Nijar bai ba ni wahala ba, sai dai abin dariya da na zama. Na fito da fasfo ɗina na aikin Hajji a cikin leda, da katin rigakafi, da katin ritaya, na jera su a kan tebur yadda nake jera wa shugabana takardu. Jandarman da ke Ɗan Isa ya duba, ya dube ni, ya ce da Hausa tsantsa, "Madam ma'aikaciya ce, ko?" Tasalla kuwa wani kati ta zaro daga bakin zane, duk ya sha miya, ta miƙa suna gaisawa da tambayar iyali.

Da azahar muka shiga Maraɗi. Layin wayata ya mutu tun a boda. Tasalla ta ce ranar Lahadi za ta koma, in same ta a tasha bayan azahar, kada in wuce haka. Ta nuna mini hanyar bayan kasuwa ta yi gaba.

Na yi yawo har ƙafata ta kumbura. Shagunan ɗinkin can ma duk samari ne, da hotunan 'yan mata a bango, abin da na baro a gida shi na tarar. Wanda na tambaya Isuhu Mai Kwat sai ya girgiza kai. Wani ya ce ya rasu. Wani ya ce a'a, wanda ya rasu Isuhu mai ɗinkin hula ne. Sai dab da la'asar wata tsohuwa mai sayar da zare ta ce, "Isuhu? Ya bar kasuwa tun da daɗewa. Gida shikai, gyaran tsummoki." Ta kwatanta wa mai babur, ya kai ni.

A zaure na same shi, siriri, da tabarau mai kauri, yana rage wa wani wando tsawo a keken ƙafa. Muka gaisa, gaisuwar mutanen can mai tsawo, sai an tambayi gajiya da rana da mutanen Najeriya kaf. Ban yi dogon bayani ba, na zaro kwat ɗin na shimfiɗa a gabansa. Ya juya ta, ya bi ɗinkin ciki da yatsa.

"Wagga aikina ce," ya ce. "Ina kinka same ta?"

Na ba shi labari tun daga Alhaji Mamman har zuwa maganar da Nafisa ta yi a adaidaita. Ya ce a da matan ofis na Maraɗi da na Katsina duk shi ke yi musu, yanzu shekara da shekaru ba wanda ya nema. Na miƙa masa takardar awo. Ya kai ta kusa da ido, ya sauke.

"Hajiya, ɗiyar taki shekara nawa gare ta? Wanga awo ko jinjiri ya hi shi."

Raina ya ɓaci, don ni ba a taɓa kama ni da kuskuren lamba ba. Sai da ya ɗauko tef ɗinsa muka gane: mu da inci muke awo, su da santimita. Yadi ma a can da mita ake yanka shi. Allah ya sa tef ɗin nasa mai fuska biyu ne, muka zauna muka juya awon ɗaya bayan ɗaya. Ya ce uku zai iya, in Allah ya yarda, zuwa Lahadi da hantsi. Muka je wajen wani mai yadi da ya sani, aka zaro mana daga can ƙasan kaya, inda ƙura ta rufe: baƙi, shuɗi mai duhu, da ruwan toka. Yadi mai nauyi, mara ƙyalli, irin wanda na yi wata guda ina nema.

Ya hana ni neman masauki. Matarsa Mariyama ta share mini ɗakin ɗiyarsu da ta yi aure, ta kawo dambu da zogale da man gyaɗa. Ya ce in bar masa samfurin, na bar masa ba tare da tunanin komai ba.

Da safe aka kawo burodin nan nasu dogo mai tauri, wanda ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Ina fitowa tsakar gida na ga Mariyama a kan tabarma da reza a hannu, gabanta tsummoki ruwan toka an jera su. Hannu ɗaya a nan, ɗaya a can, baya an raba shi biyu, wuya a gefe. Sai da na ga aljihun na gane abin da nake kallo.

Ban san na yi ƙara ba sai da Malam Isuhu ya shigo da sauri.

"Wa ya ce ku warware mini kwat? Nunawa na kawo! Nunawa kawai!"

Suka dubi juna, mamaki suke yi na gaske. Ya ce shi tun da ya koyi aiki, in an kawo samfuri aka bar shi ya kwana, to an ba da shi ne a warware a ɗora a kan yadi a fitar da yanka. Takardun yankan da yake da su a da, gara ta cinye su tun da aka daina nema. Idonsa kuma ya yi rauni, ba zai iya fitar da kafaɗa da ka ba.

"Da na san ba ki sani ba, da na tambaye ki, Hajiya. Ki gahwarce ni. Amma in ba haka ba, abin da zan yi miki bai hi na telanku na Katsina ba."

Na tambaya ko zai mayar mini da ita yadda take. Ya ce in lokaci ya samu. Na dubi yadi uku da ke jiran almakashi, na dubi tsoho ɗaya da keken ƙafa ɗaya, na san amsar. Na koma ɗaki na yi kuka, ni da jikoki, a kan tsohuwar riga. Haushi nake ji, kuma babu wanda zan ɗora wa. Da na gama na wanke fuska na fito, na ce wa Mariyama ta ba ni allura. Kwana biyu muka yi ni da ita muna kalmasa bakin siket da hannu, shi yana kan keke. Abin da ya fi ƙona mini rai da mutanen can shi ne rashin gaggawa. Rana na take sai kowa ya ajiye aiki, a dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, a sha zagaye uku. Ni ina kallon inuwa tana tafiya, su suna tambayata ko sukari ya ji.

Hantsin Lahadi ya zo ya wuce. Aka yi azahar yana kan hannun kwat ta ƙarshe. Baƙar kaɗai na samu na duba da kyau, kuma wallahi ko a zamanin Alhaji Mamman ban ga wadda ta fi ta ba. Sauran biyun Mariyama ta goge da dutsen guga na gawayi ta naɗe ta cusa a jaka, tare da tsummokin tsohuwar kwat ɗina a cikin leda. Sallamar kirki ma ban tsaya mun yi ba.

Tasalla tana tasha tana cika tana batsewa. A mota ta ce in nuna mata abin da ya tsayar da ni. Tana leƙa jakar ta kama baki.

"Hajiya! Sabbi ful, har da alamar alli? Uku? Wallahi cewa za su yi na saidawa ne. In sunka amshe, sai ki yi sati kina bin su ofis-ofis. Gobe hwa Litinin."

Na ce to yaya zan yi?

"Sawa za ki yi. Abin da ke jikin mutum ba kaya ba ne, tuhwahi ne. Kowa haka shikai."

Ni da na yi shekara talatin da biyu ban taɓa sa hannu inda bai kamata ba, ko tambayar dokar ban yi ba. Tsoro ya hana ni tunani. A Ɗan Isa ta ja ni gidan wata ƙawarta, cikin wani ɗaki mai duhu, ta shiga sa mini kaya tana ɓalla maɓallai da sauri. Ruwan toka a ciki, shuɗi a kai, baƙa a sama, siket uku, sannan doguwar rigata, sannan babban hijabi. Da yake Nafisa ta fi ni jiki, duk suka shiga. Ana tsakiyar bazara, iskar ma zafi take yi.

Ɓangaren Nijar muka wuce lafiya. A namu ɓangaren aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa ya wuce shinge. Nan ne na gane ba na iya tafiya. Hannuwana sun ƙi sauka, sun tsaya a buɗe, gwiwata ba ta lanƙwasuwa, zufa na zuba daga haɓata. Tasalla ta yi gaba abinta. Ni ina baya ina jan ƙafa, numfashi yana yi mini wuya.

"Ke! Mai baƙin hijabi! Tsaya nan!"

Na ɗaga kai. Wani jami'i ne, ya ɗaga mini hannu ɗaya, ɗayan yana kan bindiga.

"Kada ki matso. Ajiye jakar. Ɗaga hannunki sama."

Mutanen da ke kusa da ni suka watse, fili ya buɗe, ni kaɗai a tsakiya. Sai a lokacin na ga kaina yadda suke ganina: mace ta kumbura a cikin hijabi, tana tafiya a sandare, a hanyar da kowa ya san ana kama masu kai wa mutanen daji kaya a ƙarƙashin tufafi. Na yi ƙoƙarin ɗaga hannu, kwat uku suka riƙe ni, ya tsaya a kafaɗa. Ya sake daka tsawa. Na yi kalmar shahada a fili, don na ɗauka tawa ta ƙare.

Wata jami'a ce ta fito daga rumfa, mace mai kamar shekara arba'in. Ta tsaya daga nesa ta ce, "Baba, me ke jikinki?"

"Kaya ne, 'yata. Tufafi ne."

"Za ki cire da kanki, ina kallo. Wuce gaba, a hankali."

Ta sa ni a gaba har wani ɗan ɗaki na kwano, ta tsaya a bakin ƙofa. Na cire hijabi. Na cire doguwar riga. Na cire baƙar kwat, ta ce in jefo mata, ta lalube ta ko'ina. Na cire shuɗiya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata guda ina yawon neman abin da zai suturta ɗiyata, ga ni a boda ina tuɓewa a gaban ɗiyar wasu.

Saura ruwan toka. Na sunkuyar da kai zan ɓalle, sai yatsana ya taɓa abin da ya sani. Maɓallan ƙaho ne, guda biyar, na biyun da ɗan tsagewar nan da ya yi tun shekarar da na haifi Nafisa. Malam Isuhu ya cire su daga tawa ya dasa a ta ɗiyata, bai gaya mini ba, ni kuma gaggawa ba ta bar ni na gani ba. Na zauna a kan benci na fashe da kuka.

"Baba, lafiya? Kukan me kuma?"

Na gaya mata komai, ba tsari, ba kan gado. Na ce ta buɗe jaka. Ta ga tsummokin, ta ga hoton takardar ɗaukar Nafisa aiki, ta karanta har ƙasa. Ta ɗaga baƙar kwat ta duba tsawonta, ta auna siket ɗin a jikinta. Sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Baba, kaya uku, awo ɗaya, na ɗiyarki. Da a jaka suke, ko kallo na biyu ba zan yi musu ba. Wa ya ce ki sa? Kin san abin da ya kusa faruwa da ke a wajen nan?"

Na ce na sani. Ta taya ni naɗewa, ta ba ni ruwa. Muna fitowa ta rage murya ta ce, "Telan nan, a ina yake a Maraɗi? Ni ma in ba kakin nan ba, ban da abin sawa in shiga taro." Na kwatanta mata gidan, har da tsohuwa mai zare. Na kuma ce in za ta kai samfuri, ta kai wanda ba ta so.

Da na fito rana ta yi sanyi, inuwa ta yi tsawo. Tashar Magama ta kusa watsewa, mota ɗaya ta rage mai zuwa Katsina, ta cika, tana kunne. A gabanta Tasalla ce tsaye, ta dafa bonet da hannu biyu, direba na zaginta tana ramawa. Gidanta yana nan cikin Magama, tafiyar minti kaɗan, amma ta ƙi tafiya, ta ajiye buhun turarenta a kujera ta kama mini wuri.

"Ga ta nan! Ban ce maka tana tahe ba?" Ta juyo gare ni, idonta ya yi ja. "Hajiya, ni na ja miki. Ki yahe mini."

Na so in yi mata faɗa, na tanadi maganganu tun a ɗakin kwano. Amma direba na danna ham, sai kawai na riƙe hannunta na shiga mota.

Muka kama hanyar komawa. Ni ma yanzu na iya, idona na kan titi, duk motar da ta taho daga gaba sai in ce Alhamdu lillahi a zuci. Wajen Daddara aka ɗan jima ba a ga kowa ba, na ji ƙafar direba ta sassauta, na rungume jakar a ƙirji. Sai ga wata motar fasinja ta taho da gudu, ta kunna mana fitila. Ana kiran magariba muka shigo Katsina.

Kayan duk sun jiƙe da zufata, har gishiri ya fito a bayan ruwan tokar. Na wanke ta na shanya a ƙarƙashin fanka, zafin garin ya taimaka, da asuba na goge. Tun da na dawo, kallon kayan kawai Nafisa take yi, ta ƙi taɓawa. Na san tsoron sake gwadawa take ji.

Da ta yi wanka na miƙa mata. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito, kwat ta sauka ta rufe ƙugu, siket har idon sawu. Na jawo kujerar falo na ce, "Zauna." Ta zauna. Na ce, "Ɗaga hannu." Ta ɗaga har sama. Na jefar da biro a ƙasa. Ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauka, ta miƙe a hankali, ta shafa bayanta, ta shafa gabanta.

"Mama, ba abin da ya fito."

Tana gyara wuya a madubi hannunta ya tsaya a kan maɓalli na biyu. Ta juya ta dubi hoton da ke bango, ta dubi ƙirjinta, ta dube ni. Wannan karon ta yi kuka. Na ce ta share fuska kada ta makara, ranar farko ba a makara. Na ɓalla mata na saman da kaina, na raka ta har bakin titi.

Tsummokin suna nan a leda a ƙasan akwatina, ba zan sa a mayar da su ba, don ko an mayar babu abin ɓallawa. Masu cewa an tuɓe ni a boda kuma, ku ƙara da cewa yau wata biyu ke nan Nafisa tana fita aiki, kuma duk ranar Litinin da maɓallaina take fita.